Nikel a Ƙasar Tambuwal da Kebbe: Kafin a Sa Hannu a Takarda

(Kiɗan buɗe shiri)

Manoma da makiyaya na Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da na Kebbe da Kuchi har iyakar Gummi, sannunku da aiki.

Yau zancen wani ƙarfe za mu yi, wanda ake kira nikel. Tun da duniya ta juya ga motoci masu aiki da batir sunansa ya shiga bakin mutane, har ya kai duk dutsen da ya ɗan yi nauyi ko ya yi ƙyalli sai a ce ko shi ne. To yaya ake gane akwai shi a wuri? In akwai, yaya ake sanin ya isa a haƙa? Kuma ƙasarmu ta kudancin Sakkwato, irin wadda ake samunsa a ciki ce?

Dattawanmu sun riƙe nikel a hannu ba tare da sun san sunansa ba. Sisi da sule da aka fito da su a 1973, lokacin da aka koma naira da kwabo, haɗin jan ƙarfe ne da nikel. Yau kuwa kusan kashi biyu cikin uku na nikel ɗin da ake haƙowa a duniya yana tafiya ne wajen yin ƙarfen nan da ba ya tsatsa: cokula, tukwane, kayan aikin asibiti, bututun masana'antu. Batir na motoci ya zo daga baya, shi ne kuma ya tayar da ƙura.

Bari mu fara da ƙasar da muke takawa, don ita ce za ta raba gardama.

Shekaru miliyoyi da suka wuce ruwan teku ya taɓa kwanciya a kan mafi yawan ƙasar Sakkwato. Shaidar tana nan. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, a ƙarƙashin ruwan nan ta taru, har gobe ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinta. Fosfat ɗin Dange ma haka. Abin da ke ƙarƙashin ƙafar mutumin Tambuwal shimfiɗa ce ta yashi da yumɓu da laka waɗanda suka daskare hawa-hawa. Shimfiɗar tana ƙara kauri in ka nufi arewa maso yamma wajen Nijar, tana raguwa in ka nufi kudu maso gabas, har ta ƙare a ƙasar Zamfara, inda tsofaffin duwatsu masu tauri suke fitowa fili.

Shi kuwa nikel ba ɗan gidan yashi da yumɓu ba ne. Asalinsa wani irin dutse ne mai duhu da nauyi, wanda ya taso a narke daga can cikin ƙasa. Ta hanya biyu yake taruwa har ya isa haƙa. Ko dai ya haɗu da farar wuta tun dutsen yana narke, ya kwanta wuri ɗaya, kamar yadda yake a Sudbury ta Kanada da Norilsk ta Rasha. Ko kuma dutsen ya daɗe a fili, ruwan sama da zafi su yi ta cinsa shekaru aru-aru, su wanke wasu sinadarai su bar nikel a cikin jar ƙasar da ta rage a samansa. Irin wannan na biyun shi ne na Indunisiya da Filifin da Madagaska.

Na san wani zai ce, to ai mu ma ga jar ƙasa nan, ga marmara a kan kowane tudu tsakanin Sakkwato da Jega. Malam, a bi a hankali. Marmara tana gadon abin da ke cikin dutsen da ta fito daga gare shi ne. Wadda ta fito daga dutsen yashi, ƙarfe za ka samu a cikinta, shi ya sa ta yi ja, kuma shi ya sa kakanninmu maƙera suka narka tama. Amma nikel ba zai zo daga sama ya shige ta ba. Don haka duk wanda ya nuna maka jan tudu a bayan Tambuwal ya ce ga nikel, tambayarka ta farko ita ce: wane dutse ne a ƙarƙashinsa?

Gefen Kebbe ya ɗan bambanta, kuma nan ne mai bincike na gaskiya zai fi karkata hankalinsa. Yankin yana kusa da bakin shimfiɗar nan, tsohon dutse bai yi nisa ƙwarai ba. Kuma a ƙasar Anka, wajen Tungan Kudaku, masana duwatsu sun daɗe da rubuta samuwar wani koren dutse mai santsi a hannu, irin dangin da nikel yake zama a ciki, har da alamar ma'adinin kuromait. Wannan dalili ne na a duba. Bai zama hujjar cewa an samu ba. Ga kuma wani tarko: Gulbin Zamfara yana ratso ƙasar Anka da Gummi kafin ya iso mana, yana ɗauke da yashi da tsakuwar can. In an ɗebi yashin gulbi a Kebbe aka ga ɗigon wani ma'adini, mai yiwuwa ne gidansa yana can sama, tafiyar kwanaki a ƙafa, ba a gonar da aka tsaya ba.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu ga yadda ake binciken, daki-daki.

Ana farawa ne a kan tebur, da taswira. Tsakanin 2003 da 2010 an yi ta shawagi da ƙananan jiragen sama ƙasa-ƙasa a faɗin Najeriya, suna auna ƙarfin maganaɗisun duwatsu, layi bayan layi, tazarar mita 500 tsakanin kowane layi. Sakamakon yana hannun Hukumar Binciken Ƙasa da Duwatsu ta Najeriya. Duwatsun da nikel ke so sukan ja maganaɗisu fiye da na kewayensu, saboda haka ko yashi ya rufe su, sukan nuna a taswira. Mai binciken da bai san da wannan taswira ba, bai fara ba tukuna.

Sai a sauko ƙasa. Za ka ga mutane da guduma da ƙananan jakunkuna da na'urar nuna wuri, suna tafiya a layi, kowace 'yar tazara su tona su ɗebi ƙasa cikin tafi biyu, su rubuta lamba, su ɗaure. Wani lokaci ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. A kai ɗakin gwaji, irin wanda hukumar ke da shi a Kaduna, ko a tura waje. Akwai kuma wata na'ura ta hannu mai siffar bindiga, ana ɗora bakinta a kan dutse ta nuna lambobi nan take. Tana da amfani, amma ɗan wurin da bakinta ya taɓa kawai take karantawa. Mai wayo zai iya zaɓar ɗigo mafi kyau a jikin dutse ya ɗora ta, ya nuna maka lambar da za ta sa ka rasa barci.

A nan ne nake so kowa ya buɗe kunne, don nan ake cin mutane. Takardar gwaji ta ce akwai nikel, wannan ba labari ba ne. Kusan kowane dutse a duniya yana da ɗan nikel. A matsakaici, tan ɗaya na dutse yana ɗauke da abin da bai kai giram 100 ba. Koren dutsen nan da na ambata yakan kai kilo biyu a tan, wato kashi 0.2 cikin ɗari, amma galibi a ɗaure yake cikin jikin dutsen, raba su ya fi ƙarfin ribar. Wuraren da ake haƙa a duniya yawanci suna da kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari, wato kilo 10 zuwa 30 a kowane tan.

Mu buga lissafi. A 2025 farashin tan ɗaya na tataccen nikel yana kai-komo ne a kusa da dala 15,000. Dutsen da yake da kashi 1 cikin ɗari, nikel ɗin da ke cikin tan ɗinsa ya tashi dala 150. Daga ciki za a cire kuɗin fasawa, da ɗauka, da niƙa, da narkawa, da abin da zai salwanta a hanya, da na mota har tashar ruwa ta Legas. Mai giram 80 a tan kuwa, dala ɗaya ce da 'yan canji. Duka biyun, takarda za ta ce akwai nikel. Saboda haka in an nuna maka takarda, tambayi kashi nawa, daga samfur nawa, kuma wa ya ɗebo su, daga ina.

In ƙasa ta nuna alama mai ƙarfi, sai a zo ga aiki mai cin kuɗi, wato huda. Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Tambuwal ya san ba a yarda da na bakin buhu. Sai an soka ƙarfe a sama da tsakiya da gindi an ga abin da ya fito. Haka ake yi wa ƙasa. Ana kafa inji mai baki zagayayye da aka dasa wa ƙananan lu'ulu'u, ya yi ta cin dutse yana fito da shi sanda-sanda, kaurin bai fi damtsen yaro ba. A jera sandunan a akwatuna masu layi, a rubuta zurfin kowanne: mita 40, mita 41, mita 42. Masani ya jiƙa su da ruwa don launi ya fito, ya duba da ɗan gilashi. Sannan a tsaga kowace sanda biyu a tsaye, rabi ya tafi gwaji, rabi ya zauna a ma'ajiya, don in gardama ta taso gobe wani ya sake gwadawa. Kamfanin da ya ce ya huda amma ba shi da rabin da ya ajiye, maganarsa ba ta da mai shaida.

Rami ɗaya ba ya isa, goma ma ba su isa ba. Sai an yi da yawa a jere kafin a san tsawon abin da faɗinsa da kaurinsa. A matsayin misali kawai: in tsawonsa mita 1,000 ne, faɗi 500, kauri 10, kuma kowace mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri tana da nauyin tan biyu, an samu tan miliyan 10 na dutse. A kashi 1 cikin ɗari, tan 100,000 ke nan na nikel. Ko a nan masana suna kasa shi uku: wanda ake zato, wanda alamu suka ƙarfafa, da wanda aka auna aka tabbatar. Banki ba ya ba da rance a kan zato. Bayan wannan sai gwajin tacewa, da nazarin ruwa da wuta da hanya, da nazarin illa ga muhalli. Daga gudumar farko zuwa motar farko da za ta fita da kaya, shekara goma ba a ce an daɗe ba.

Kada ku ce ina kashe muku gwiwa. Ku ji abin da ya faru a wasu wurare.

A 2016 labari ya cika jaridu cewa wani kamfani mai suna Comet, wanda fitaccen ɗan harkar ma'adinai na Ostareliya Hugh Morgan yake ciki, ya gano nikel a Dangoma, kusa da Kafanchan a kudancin Kaduna. An ce ƙananan ƙwallaye ne da ba su wuce milimita 3 ba, kusan zallar nikel, warwatse cikin ƙasa a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 20. An kai zancen har taron ma'adinai na birnin Perth a watan Satumba na shekarar, lokacin Kayode Fayemi yana ministan ma'adinai. Samun nikel zalla haka abu ne da ba a saba gani ba, shi ya sa babbar tambayar masana ta zama: ina uwar dutsen da ƙwallayen suka fito? Shekaru sun shuɗe, babbar mahaƙar da aka yi ta yi wa kirari ba ta tashi ba.

A Tanzaniya akwai Kabanga. Nan ba jita-jita ba ce, an huda an auna, yana cikin mafi kyawun nikel da ba a taɓa ba a duniya. Tun shekarun 1970 aka gano shi. Fiye da shekara arba'in yana kwance, kamfani ya saya ya sayar wa wani, saboda wurin ya yi nisa da teku, ba isasshiyar wuta, ba layin dogo, farashi kuma yana hawa yana sauka. Sai a 2021 gwamnatin ƙasar ta ƙulla sabuwar yarjejeniya a kansa.

Shi farashin ma ba amana gare shi ba. Ran 8 ga Maris 2022 ya haura dala 100,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan har aka dakatar da ciniki. Bayan haka Indunisiya, wadda ta hana fitar da ɗanyen nikel tun Janairun 2020 ta tilasta a gina matatu a gida, ta cika kasuwa da kaya. Ita kaɗai yanzu tana fitar da fiye da rabin na duniya. Farashi ya faɗo, har babban kamfanin BHP ya dakatar da ayyukansa na nikel a yammacin Ostareliya a 2024. A Botsuwana kuwa, garin Selebi-Phikwe da aka gina dungurungum saboda nikel da jan ƙarfe, an rufe mahaƙarsa a Oktoban 2016, dubban magidanta suka wayi gari ba aiki. In masu matata da layin dogo suna rufewa, sai mu auna da kyau abin da zai sa wani ya buɗe sabuwa a dajin Kebbe.

(Ɗan kiɗa)

Samari, ga taku. Nikel ba zinariya ba ne. Zinariya ana wanke ta a kwano a ga ƙyallinta, a sa a aljihu. Nikel sai da tanderu mai cin wutar lantarkin da ta isa gari guda, ko tukunyar ruwan asid mai tsananin zafi da matsi. Ba wanda zai tace shi a bayan gida. In wani ya ce ku tona ku tara masa buhuna zai saya da sunan nikel, ko dai wani abu dabam yake nema a cikin dutsen bai gaya muku ba, ko kuma hoton tarin buhunan yake so ya nuna wa wanda zai yaudara a birni.

Kuma don Allah kada a kawo dutsen da ba a sani ba cikin gida. Ba mu manta 2010 ba, nan kusa da mu, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, Yargalma, Bagega. Ana daka dutsen zinariya a tsakar gida, ana niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, ashe cike yake da gubar dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka sha magani a hannun ƙungiyar likitocin nan ta MSF. Iyaye mata, ku ne masu tsakar gida. Turmin da ake daka fura ba na dutse ba ne, ko wa ya kawo shi.

Sai maganar doka, wadda ta fi shafar iyayenmu masu unguwanni da dagatai da hakimai, don ƙofarsu baƙo yake fara bugawa. A tsarin mulkin Najeriya, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ita ke tafiyar da harkar, kuma ofishin rajistar lasisin ma'adinai da ke Abuja shi kaɗai ke ba da lasisi. Ba shugaban ƙaramar hukuma ba, ba kwamishina ba. Lasisin kuma iri-iri ne. Akwai izinin leƙe na shekara ɗaya, wanda mai shi zai duba ya tsinci samfur a sama, ba zai huda ba. Akwai lasisin bincike na shekara uku, ana iya sabunta shi, filinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 200. Mai shi zai huda ya gwada, amma ba shi da ikon buɗe mahaƙa ya yi ta lodi yana sayarwa. Akwai na ƙananan masu haƙa, na shekara biyar. Sannan babban lasisin haƙa, na shekara 25.

Ranka ya daɗe, in baƙo ya zo, a nemi ganin lasisin, a duba wane iri ne, wane ma'adini aka rubuta, kuma iyakokinsa sun haɗa da ƙasarka ko kuwa na wata jiha ne aka ɗauko. Akwai jami'in ma'adinai na tarayya a Sakkwato, a aika a tambaye shi. Doka ta ce sai an nemi amincewar mai fili ko wanda ke zaune a kansa, kuma wannan takardar amincewa ita ce abin da ya fi daraja a hannun talaka. Da yawa masu karɓarta ba su da injin huda ko ɗaya. Lasisin suke so su riƙe, su jira mai saye. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta ba. A samu ɗan gari mai ilimi, ga su nan mun tura Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya fassara shi layi-layi a gaban jama'a, a ajiye kwafi.

Malam manomi, kai kuma kada ka sayar da gona saboda jita-jita, kada kuma ka ci bashi ka sayi ta wani don an ce akwai arziki a ƙarƙashi. Ko akwai, ba naka ba ne a doka. Haƙƙinka shi ne diyya: ta amfanin gona, da itatuwa masu amfani irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, da gini, da duk ɓarnar da aka yi wa fili. Ranar da za a shiga gonarka, a ƙirga itatuwan a gaban shaidu, a rubuta. Ramin da aka tona don gwaji a cike shi kafin a tashi, don shanu da yara ba su san da lasisi ba. Makiyaya su ma a zauna da su, a san inda burtali da mashaya suka bi kafin a kafa inji.

In Allah ya sa bincike ya kai ga haƙa ta gaske, doka ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara, kuma ana sake duba ta duk shekara biyar. A nan ne ake rubuta makaranta da asibiti da guraben aiki da koyar da sana'a. Ni dai da za a tambaye ni, ruwa zan sa a layin farko. Tace ma'adini yana shan ruwa mai yawa, yana kuma barin dagwalo mai yawa, mu kuwa shinkafarmu da albasarmu da kifinmu duk a fadamar gulbin nan suke. A rubuta daga ina kamfani zai ɗebi ruwa, ina zai zubar da wanda ya ɓata, wa zai riƙa gwada rijiyoyin gari, sau nawa a shekara, kuma a gwada su tun kafin a fara aiki, don a samu abin kwatantawa daga baya.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ya aiko ta hannun wakilanmu, za mu karanta a shiri na gaba, inda za mu ɗauki maganar fosfat ɗin Dange da takin zamani.

(Kiɗan rufe shiri)